Fil a Bakin Baba Tela

Shekararsa sittin da shida, tela ne, uban 'ya'ya biyar, kuma har zuwa bara bai taɓa canza wa jariri kunzugu ba. Shi da kansa yake faɗin haka, yana dariya har hularsa na karkacewa. A layinsu Baba Tela ake kiransa. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidansa, mai ƙofa biyu: ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi babban ɗansa, da teburin yanka, da dutsen guga, da bencin masu jira. Bara aka ƙara wata 'yar katifa a lungun da ya fi nisa da ƙofa.

Mai katifar jikansa ne. Uwar yaron ita ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, malamar lissafi a wata sakandare. Mijinta na aiki a wani gari, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Da hutun haihuwarta ya ƙare, sai aka zauna shawarar inda za a riƙa barin yaro. Matar Baba Tela, Inna, ciwon gwiwa ya sa ko tashi daga kujera sai ta dafa bango. Sai Baba Tela ya gyara murya.

"Ki kawo shi shago."

"Baba, kai?" in ji Auta. "Ka ma san ta inda ake fara ɗaura kunzugu?"

"Ni da nake ɗinka wa ƙatti wando? Kawo shi, ai duk awo ne."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta ce mutumin da ya haifi biyar bai taɓa sanin inda ake ajiye sabulun wankansu ba, yau shi ne mai raino.

Auta ce ta koya masa komai, ya kuma zauna ya koya kamar ɗalibi. Nonon da ta tatsa ba a ɗora shi a wuta. A ruwan ɗumi ake tsoma kwalbar, sannan a ɗiga a bayan hannu a ji zafinsa. In yaro ya sha, a ɗora shi a kafaɗa a riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa. In zai yi barci, a kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba tarin ƙyalle kusa da fuskarsa. Gyatsar farko da Baba Tela ya samu ta zo da rakiya: yaron ya amayo madara a kan farar rigar wani kwastoma da ke rataye a kafaɗarsa, an gama gugarta ke nan. Baba Tela bai ko kalli rigar ba. Tsakar gida ya leƙa yana kira: "Inna! Ya yi! Wallahi ya yi!"

Ba a daɗe ba ya gano cewa ƙarar keken tana sa yaron barci. Da ya ga an fara murza ido, sai ya kwantar da shi, ya hau keke yana takawa a hankali, ko da ba abin ɗinkawa. Daga nan kuma sai wa'azi. Duk macen da ta shigo da goyo sai ta ji yadda ake gyatsa. Duk magidancin da ya zo awo sai an tambaye shi ko ya taɓa yi wa ɗansa wanka. Maƙwabcinsa Mai Aski, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya laƙaba masa Babbar Nas.

Ranar da yaron ya fara rarrafe, Baba Tela ya fito titi da tef a wuya, ba takalmi, yana ɗaga hannu. Mai Aski ya baro mutum da rabin kai a aske ya zo gani. Yaron ya tashi daga katifa, ya nufi ƙarƙashin tebur, ya tsaya ya duba ƙafar benci, ya lakato wani abu ya ƙura masa ido.

"Ka ga Sufeto," in ji Mai Aski. "Ya zo duba shago."

Sunan ya zauna. Shi kuma Sufeto ya riƙe aikinsa da gaske, don ba abin da yake wucewa a ƙasa bai kai baki ba.

Wata rana da yamma Auta ta zo ɗaukarsa, ta ga kumatunsa ɗaya ya ɗan tasa. Ta kifa shi a cinyarta, ta matsa kumatun a hankali. Wani baƙin maɓalli ya faɗo a tafin hannunta, jiƙe da yawu. Ta daɗe tana kallon maɓallin. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi damun uban.

"Baba, akwai gidan raino kusa da makarantarmu," ta ce. "Ƙarshen wata zan kai shi."

"Auta, maɓalli ɗaya ne."

"Ɗaya ya isa, Baba. Da ya wuce maƙogwaro fa?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san in aka kai Sufeto can, sai dai ya riƙa ganinsa jefi-jefi, yana barci a bayan uwarsa. Ya roƙe ta ta ba shi zuwa ƙarshen watan ya gyara shagon, ta zo ta duba da idonta. Ta ce to, amma ba ta yi alkawari ba.

Ranar riga-kafi ya bi Auta da Sufeto asibiti, shi kaɗai namiji a kan benci cikin mata. Da layi ya zo kansu ya tambayi nas ɗin yadda ake raba mai rarrafe da tsince-tsince. Ta ce ba a raba shi, haka Allah ya yi su, da baki suke sanin duniya. Ɗakin ake gyarawa.

"Baba, kai a tsaye kake ganin shagonka," in ji nas ɗin. "Ka durƙusa ka yi rarrafe, ka ga abin da yake gani."

Washegari Mai Aski ya leƙo ya tarar da dattijo mai furfura a kan gwiwoyinsa, kansa a ƙarƙashin keke.

"Babbar Nas, lafiya? Ko kai ma a kawo maka kwalba?"

"Shigo ka gani! Shigo, don Allah!"

Abin da ya tara a faranti ya ba shi mamaki shi kansa: maɓallai, karyayyun allurai, kan zif, guntun alli, wata ƙaramar batir ta agogo da bai san ranar da ta faɗi ba. Shekara da shekaru ana share shagon nan kullum, amma tsintsiya ba ta shiga tsagar siminti. Ya je wurin mai gyaran rediyo ya karɓo mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, ya ɗaura masa igiya, ya riƙa jan sa lungu-lungu kamar mai yawo da akuya. Duk zagaye sai ya ɗago shi da fil sun manne kamar gashi. Ya sa aka liƙe tsagogin da siminti. Maɓallai suka koma kwalabe masu murfi a kan kanta ta sama. Kafinta ya rufe ƙafar keken da katako, don kada 'yan yatsu su shiga bel. Dutsen guga da wayarsa suka koma tsakar gida. Ya kuma kafa wa kansa doka: duk abin da ya wuce ta kunnen babban almakashinsa zai iya shiga bakin Sufeto, don haka ba shi da wurin zama ƙasa da ƙugu.

Auta ta zo dubawa ranar da ba makaranta. Ta ajiye jaka, ta tattare zani, ita ma ta durƙusa. Ta shafa ƙarƙashin tebur, ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan ƙofa. Baba Tela na tsaye yana murza hannu, Inna na zaune a bakin ƙofar ciki tana ba da rahoto: "Ba ta samu ba. Nan ma ba ta samu ba." Da Auta ta miƙe tana karkaɗe gwiwa tana murmushi, sai ya yi kabbara har aka ji a shagon aski.

Ana cikin haka wani kwastoma ya shigo gwada riga. Baba Tela ya tsayar da shi, ya ɗebo fil ya jera a leɓensa, yadda yake yi tun yana koyon aiki. Ya shiga kama kafaɗa yana magana ta hanci: "Mm. Ɗaga. Mm-mm." Sufeto na zaune a katifa yana kallonsa. Can sai ya ɗauki cokalinsa na roba, ya maƙale ƙarshensa a leɓe, ya tsuke baki, ya ce, "Mm. Mm-mm."

Shago ya kaure da dariya. Inna ta ce ga tela an samu. Baba Tela, don murna, ya saki kwastoma ya sunkuya zai ɗauki jikansa.

"Baba! Tsaya nan!" in ji Auta.

Ya tsaya a sunkuye, fuskarsa dab da ta yaron. Ya buɗe baki zai tambayi me ya faru, sai fil ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan katifa, kusa da ƙafar Sufeto. Auta ta riga yaron kai hannu.

Dariyar ta ɗauke. Ta ɗaga fil ɗin ta nuna masa.

"Ƙasa ta yi tsaf, Baba," ta ce. "Saura kai. Kai yake kallo. Duk abin da ka sa a baki, shi ma can zai kai shi."

Wannan gyaran ya fi na siminti wuya. Ya ɗinka ɗan matashin fil ya ɗaura a wuyan hannu, amma hannunsa ya saba da hanyarsa. Kafin ya ankara fil na baki. Inna ta zama 'yar sanda. Mai Aski kuma in ya ga ba kowa a kujerarsa sai ya leƙo ya daka tsawa: "Buɗe baki mu gani!" Sau da yawa ana kama shi.

Dabarar da ta yi aiki a bakin nas ɗin ya taɓa jin ta, a kan wata magana daban. Ta ce a riƙa yi wa yaro hira ko bai gane ba, da haka yake koyon magana. Baba Tela ya lura cewa mai surutu ba ya iya riƙe fil a leɓe. Sai ya mayar da kowane awo hira da Sufeto. "Ka ga wannan, hannun riga ne. Wannan wuya ne. Wannan kuma tumbin Alhaji ne, ya ƙaru tun bara, ba laifin tela ba ne." Kwastomomi na dariya, Sufeto na amsawa da nasa yaren, fil na tafiya wuyan hannu. Inna ta ce shekara arba'in tana neman mutumin nan ya yi hira, ashe jira yake a haifa masa abokin yi.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, Auta ta samu sararin darasi da rana, ta zo ba sanarwa. Ta tsaya a ƙofar titi. Baba Tela ya ba ta baya, yana fama da wata doguwar riga mai santsi a jikin wata mata, yadin na zamewa, hannu biyu ba su isa ba. Ya zaro fil. Hannun ya tashi ya nufi baki, ya kai har gemu. Sai ya tsaya.

"A'a, Sufeto, ka gan shi ko? Ɓarawon hannu. Koma gidanka." Ya soke fil ɗin a matashi.

Daga katifa Sufeto ya ɗaga hannu ya bugi wuyan hannunsa na hagu, ya ƙyalƙyale da dariya.

Auta ta yi sallama. Uban ya juyo a firgice, ya buɗe baki da kansa tun ba a tambaye shi ba. Ta yi dariya, ta sauke wata babbar leda daga kafaɗa.

"Ina zan ajiye wannan? Kunzugunsa ne na wata mai zuwa."

Ya kalli ledar, ya kalle ta. Sannan ya bar matar nan tsaye da riga rabi a kame, ya fita titi yana kiran Mai Aski.

Yanzu Sufeto na da haƙora huɗu, kuma a makon jiya ya kama benci ya miƙe tsaye, ya miƙa hannu ya taɓo gefen teburin yanka. Dokar ƙugu ta tashi aiki ke nan, an mayar da ita ƙirji. Jiya Baba Tela ya ƙara wa kanta hawa ɗaya, ya kwashe almakasai ya kai can. Yau da safe, kafin ya taɓa ɗinkin kowa, ya yanko ragowar soso da wani jan yadi, ya ɗinka wa kusurwoyin teburin huluna guda huɗu.