Maƙabartar Kawu

A wurin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ƙauyenmu na bayan garin Hasahisa ba gari ba ne. Mu 'yan tsinkar auduga ne da suka yada zango, ko da yake kakana a nan haƙoransa suka zube. Idan aka yi mana rasuwa, sai mu ɗauki gawa mu tsallake hanyar ruwa, mu roƙi ƙauyen gaba su sam mana wuri.

Abin nan ya tsaya wa kawuna, shehun ƙauyen, a rai. Cewa yake wanda ba shi da maƙabarta baƙo ne, ko a nan aka yanke masa cibiya. Ya yi ta safa da marwa zuwa mahaliyya har furfura ta cika masa kai, sannan aka yanka mana fili a gefen gonaki, bisa sharaɗin idan ya zauna ba amfani za a mai da shi gona.

To, kafin nan ƙauyen ya watse. Samari sun tafi Hartum da Jidda, suna aikowa iyayensu su bi su, can kuma iyayen suke mutuwa. Tsofaffin da suka rage sai ka ce sun haɗa baki, ko mura ba sa yi. Kawu ya kewaye filinsa da ƙaya, yana ta sharewa, yana korar awaki.

Duk ƙauyen ba wanda ya kai shi zuwa dubiya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da gwaggona, tana ganin Kawu ya shigo da saurinsa ta miƙe zaune.

"Ya Shehu, koma abinka, ni halas, shi ke nan, na warke," in ji ta. "In kana gaggawa, kai ka buɗe muna maƙabartar."

Muka kwashe da dariya. Kawu ya ce ai ba zai ƙi ba, kuma da gaske yake.

Da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira muka kwashe tsofaffi zuwa garin Rusairis wurin dangi. Can ciwo ya kwantar da Kawu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ku maishe ni gida." Hanya kuwa a rufe take. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. A Rusairis muka binne shi.

Da ƙura ta lafa muka koma, na zarce filin. Mahaliyya ba ta ƙwace shi ba, don ita ma ta gudu. Kaburbura ne jere har sun ƙetare ƙayar, yawanci na masu gudun hijira da ba wanda ya san sunansu. Na zagaya na duba. Ko da mun kawo Kawu, babu sauran wuri.