Juma'ar da Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Akwai wata Juma'a da ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na wuce ta gaban mai injin markaɗe a Agege na ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, sai gabana ya faɗi.

Na gama sakandare ke nan Kawuna, wanda ya riƙe ni, ya samar mini aiki a wani kamfanin shigo da kaya a Ikeja. Kawun dillalin shanu ne a mayanka, kuma ya sha magana a kaina. Abokansa suna ta cewa ya tura 'ya mace cikin ƙarti. Shi kuwa amsarsa guda ce, wai yarinyarsa ba za ta ba shi kunya ba. Wannan maganar ita nake ɗauka a ka kullum in na hau motar haya ta danfo.

Aka sa ni a ɗakin kwamfuta, gwajin wata uku. Ɗaki ne mai sanyi kamar randa, sai ka cire takalmi kafin ka shiga. A jikin bango akwai akwatunan ƙarfe uku, kowanne ya kai ƙugu, a cikinsu ake saka faifan da injin yake karantawa, masu kama da faya-fayen garmaho da aka jera. A goshin kowane akwati akwai ɗan maɓalli mai lamba, kamar marfin kwalba, wanda ake iya zarewa. Faifan da ke tada injin gaba ɗaya yana cikin akwati mai lambar sifili. Ogana, wani Bayarabe da ya yi zaman Kano, shi ya koya mini komai, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Baturen kamfanin kuwa tun farko ya ce bai yarda da mace a ɗakin nan ba, Oga ne ya tsaya mini.

Ran nan saura mako guda gwajina ya ƙare. Oga ya tafi masallaci, ya ce in sa ido, don ƙarfe huɗu direbobi za su zo karɓar takardun fitar da kaya daga tashar ruwa. Bai yi rabin awa da fita ba na ji wata ƙara daga akwatin sifili, siririya, kamar ana wasa wuƙa. Sai wari ya biyo baya. Na tuna abin da aka koya mini. Na kashe, na jira faifan ya daina juyawa sarai, na ɗaura masa murfinsa, na murɗa, na ciro shi da hannu biyu kamar jariri. Oga ya sha gargaɗina cewa faifan da ya yi irin wannan kuka ba a sake saka shi ko'ina, don zai lalata lafiyayyen akwati. Saboda haka na buɗe kabad na ɗauko kwafinsa na ajiya, na saka a akwati na uku da babu komai a ciki. Na danna maɓallin tashi.

Shiru. Wata jar fitila ce kawai take kallona.

Na sake dannawa, na sake. A cikin sanyin nan gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Iya mai shara ta leƙo daga bakin ƙofa, ta tambaye ni da Yarbanci ko na kashe musu abin ne, ta ce ta ji an ce da jirgin sama aka kawo shi. Ta yi salati ta ja tsintsiyarta, har da jawo mini ƙofa, kamar wadda ta bar gawa da mai ita.

Na zauna a ƙasa. Ba Baturen nake gani ba, Kawu nake gani a zauren gida, abokansa suna gaishe shi da wannan irin murmushin. Har na yi tunanin in ɗauki jakata in fice, in hau motar Ojota, daga nan duk inda ta faɗi. Ƙarfe uku ta gota, Oga bai dawo ba, na san cunkoso ya riƙe shi. Ta taga ina jin motocin farko sun fara shigowa.

Tunanin Kawun ne ya cece ni. Na tuna ina ƙarama na bi shi tashar jirgin ƙasa ana sauke shanu, ɗaruruwa, duk farare. Na tambaye shi yadda yake gane nasa, ya nuna mini jan fenti a gadon bayan wata, ya ce, “Ke, saniya ba ta amsa suna, shaida ake dubawa.” Na ɗaga kai na dubi mataccen akwatin, ga sifili nan a goshinsa. Ashe injin bai san na canza wa faifan wuri ba, yana can yana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Na miƙe, na zare lambar akwati na uku, na zaro sifilin na cusa a gurbinta. Na yi bisimilla na danna.

Fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, injin buga takarda ya soma tatata. A nan ne na fashe da kuka.

Haka Oga ya same ni, da tabarmar sallarsa a hammata. Ya shinshina ɗakin, ya dubi faifan da na ajiye gefe, ya dubi lambar. Sannan ya ce, “'Yar Alhaji, kuka kike yi don ya tashi? To da bai tashi ba fa, guɗa za ki yi?” Daga baya ya faɗa mini shi kansa a farkon aikinsa wuni guda ya yi yana neman wannan lambar.

An tabbatar da ni a aikin, Kawu bai ji labarin ba sai bayan shekara. Amma tun ranar na koyi cewa ba a raba abu da mazauninsa sai an san ta inda ake nemansa. Ko tukunya zan ɗauke daga inda aka saba ganinta, sai na tsaya na tambayi kaina, wa zai zo nan ya tarar babu?