Tsamiyar da Na Nema a Babban Titin Diffa

Mahaifina ya rasu da hantsi, aka tsayar da jana'iza bayan azahar. Ina tsugune a ƙofar ɗaki, kaina ya ɗaure, sai innata ta kira ni ta ce akwai wasiyya. Wai tun suna samari shi da amininsa suka yi alkawari, duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka.

Na san aminin. Babarbare ne, manomin tattasai daga bakin kogin Komadugu, dogo, mai yawan tsokana. Muna yara yakan sauke buhunansa a ƙofar kantinmu, ya zauna shi da mahaifina su yi ta musu, wannan na cewa Damagarawa ba su iya komai ba sai ciniki, wancan na cewa Barebari ba su iya ciniki ba sai fushi. Daga baya aka kai ni karatu Damagaram, aiki ya riƙe ni can. Mahaifina ya kwanta ciwon shanyewar jiki, aka sayar da kanti, muka koma sabuwar unguwa. Shi ma aminin rashin zaman lafiya ya tashe shi daga ƙauyensu, muka ji ya dawo cikin gari gidan 'yan'uwansa. Gari ɗaya, amma ba su sake haɗuwa ba.

"Ina gidan yake, Inna?"

"Yadda babanka ke faɗi, ka bi babban titi, ka wuce wurin awon tattasai, ka wuce inda ake ɗaure raƙuma. Za ka ga tsamiya. Gidan na bayanta."

Na fita da ƙafa, don a lokacin an hana babura. A raina na ce ai garinmu ne, a nan aka yanke mini cibiya, wa zai nuna mini hanya?

Ashe na yi kuri. Titin da na bari yashi na cin gefensa, yanzu kwalta ce shimfiɗe da fitilu masu aiki da hasken rana. Na gane ofishin gwamna saboda tuta da sojoji, na gane babban masallaci, na gane tankin ruwan da ake kira shato, wanda muna yara muke gani kamar ya taɓa sama. Amma abin da ke tsakaninsu duk baƙo ne a idona. Dogayen katangu masu waya a sama, ƙofofin ƙarfe, fararen motocin ƙungiyoyin agaji, kowane gini kamar ɗan'uwansa. Na tsaya gaban wani banki ina rantsuwa a zuciyata cewa nan ne mai gasa kifi yake zama. Na matsa gaba kaɗan, sai na ga kamar a'a, can ne.

Na tambayi mai gadin wata katanga wurin awon tattasai. Ya ce, "Wanne? Na da, ko na da can?" Na ce na da can. Ya nuna gabas. Na yi gabas har gumi ya jiƙa mini riga, na tambayi wata mai tuyar ƙosai, ta nuna yamma da matsaminta, ta ce ita dai tun zuwanta garin nan farmasi, wato kantin magani, ta sani a wurin. Wani direba a bakin tasha ya ce in je rampuwan, wato shataletale, in karya dama. Na ce masa ba rampuwan nake nema ba, inda ake ɗaure raƙuma nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Gaskiya ban ji haushinsa ba. Ni kaina na fara shakka. Tsamiya ce ma ko darbejiya? Innata ba ta taɓa taka wurin ba, ji kawai ta yi, shi kuma mai kwatancen yana kwance an rufe shi da zane. Na duba rana, ta kusa tsakiya. Tsoro ya kama ni, don mahaifina bai taɓa roƙona komai ba a rayuwarsa, abu ɗaya ya bari, ga ni ina ta kai da kawo a titi kamar ɓataccen ɗan akuya.

A bakin kasuwa warin busasshen tattasai ya sa ni atishawa. Nan na ga wani tsoho yana ɗinke bakin buhu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, tsamiya nake nema."

Bai ɗago ba, ya ce, "Kana tsaye a kanta tun ɗazu, ina kallonka. Ka wuce, ka dawo, ka sake wucewa." Ya nuna wani gidan mai da allurarsa. An sare ta tun lokacin da aka faɗaɗa titi, amma tsofaffi har yanzu Tsamiya suke kiran wurin, ko da yake babu ko kututture.

Na bi lungun da ke bayan gidan man, na yi sallama a wata ƙofar langa-langa. Wani mutum sa'ana ya fito, dogo, da ganinsa ka ga ubansa. Na faɗi ko ni wane ne, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya jingina da bango. Da Hausarsa mai nauyin Barbarci ya ce, "Baba ya rasu tun damina."

Na ce, "Inna lillahi. Ba wanda ya gaya mana."

"Na neme ku," in ji shi. "Wallahi na nema. Baba ya ce in nemo amininsa a kantin Badamagare, daura da inda ake ɗaure raƙuma. Ranar, tun safe nake bin titin nan, kowa na nuna mini wani wuri. Har aka kira salla ban samu ba. Ni na yi masa wankan, ina yi ina ba shi haƙuri."

Muka tsaya muna kallon juna. Ban san ko ni zan yi masa ta'aziyya ba, ko shi zai yi mini. Na ji kunya, na ji tausayin tsofaffin nan biyu, kowanne na kwance yana zaton ɗayan na nan inda ya bar shi.

Ya shiga ciki, ya fito da hula a kansa, yana gyara hannun riga.

"Mu je, ɗan'uwa," ya ce. "Baba ya koya mini yadda ake yi. Amma ka shiga gaba, ni ban san gidanku ba."