Dakta Halimatussa'adiyya Hamma da Gadon da Ya Biyo Uwa

Haihuwa

An haifi Dakta Halimatussa'adiyya a shekarar 1978 a wata ruga da ke gefen Roni. Mahaifinta shi ne Malam Hamma makiyayi, mahaifiyarta kuwa Fatu mai tallar nono. Su shida aka haifa, amma huɗu ba su kai shekara talatin ba, domin fatar ido takan fara saukowa, ji ya ɗauke, ƙafa ta gaza, saurayi ya koma tamkar tsoho tukuf. Dangi suka yi ittifaƙi cewa larurar daga jinin Hamma take, tunda a wurinsu asali na uba ne, kuma bawan Allah ya rasu da wannan tabo a wuyansa.

Karatu da Aure

Bayan firamare a Roni da sakandare a Kazaure, ta shiga jami'a a 1997 ta karanci ilimin ƙananan halittu, da ƙudurin gano abin da ke cinye gidansu. A 2003 ta auri Alhaji Ashiru Maikasuwa, mai fataucin hatsi a Babura, baffanninta kuwa har da hamdala, wai jinin bare zai wanke na Hamma. Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Bincike

Daga 2009 ta duƙufa kan nazarin tsufan yis, wannan dai da ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Ta lura cewa uwar ƙwayar yis, idan za ta tsirar da 'ya, takan riƙe lalatattun mitokondiriya, wato murhun da ke bai wa ƙwayar halitta ƙarfi, ta miƙa wa 'yar masu lafiya, sannan ita ta tsufa ta mutu. Shi kuwa ɗan'adam, daga uwa kaɗai yake gadon wannan murhu. Ta daɗe da sanin haka, amma tsoro ya hana ta auna kanta sai a 2016. Sakamako ya tabbatar da cewa aibin a cikin wannan murhu yake, wato daga tsatson Fatu yake, kuma ita ma ta riga ta raba wa 'ya'yanta duka.

Ƙarshen Rayuwa

Ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba, don tausayin tsohuwar da ta binne huɗu. Amma a 2021, bayan rasuwar ɗanta na fari Zaharadeen, da aka zo neman auren 'yarta Yasmin, ta zaunar da ita ta fayyace mata komai, ta ce: "Yis ya fi ni iya zama uwa. Shi yakan riƙe mugun ya ba da mai kyau, ni kuwa abin da na karɓa shi na miƙa miki." Yasmin ta yi kuka, ta sanar da manemin nata, suka yi tawakkali aka ɗaura aure.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a Kazaure a watan Sha'aban na 2023, tana da shekara arba'in da biyar, bayan jinyar da ta tafi da jinta da ƙafafunta. An yi jana'izarta a Roni, aka binne ta kusa da mahaifinta bisa wasiyyarta. Ta bar mahaifiyarta, wadda har gobe Hamma take zargi, da 'ya'ya biyu: Musaddiƙ, wanda yanzu sai an ɗaga murya yake ji, da Yasmin, wadda ta sauka bayan sadakar arba'in. Mace ta haifa, aka raɗa mata suna Halimatussa'adiyya.