Minti Huɗun Da Na Ƙi Cirewa Daga Waƙar Mahauta

Ranar wata Talata ce a cikin watan Muharram, shekara uku da suka wuce, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ɗan shagon da nake haya kusa da tashar mota a Talata Mafara. Mu huɗu ne a ciki: ni, da wani Sarkin Fawa daga ƙasar Bakura, da makaɗin kalangu na mahautan yankin, da kuma tsohon editana na gidan rediyo wanda ya daɗe da yin ritaya. Su ukun abu ɗaya ya kawo su, suna so in cire minti huɗu daga wani bidiyo da na ɗora a intanet. Na ƙi. Labarin wannan ƙin na rubuto wa masu karatu, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ambaton suna ne asalin abin da ya same mu.

A lokacin ina da shekara talatin da huɗu. Na yi shekara bakwai a gidan rediyo ina karanta labarai, ina kuma gabatar da shirin kaɗe-kaɗen gargajiya duk ranar Asabar. A can na koyi aiki, a can kuma na tsani kalmar tacewa. Duk waƙar da na ɗauko sai ta bi ta hannun editan nan, wanda muke kira Malam. Yakan sa abin sauraro a kunne, ya lumshe ido, ya ce a cire nan, a cire can. Wani lokaci dalilin nasa ne. Wani lokaci kuma daga sama ake bugo waya a ce kada a sa waƙar wane domin ta taɓa wani babba. Ni ban taɓa bambanta biyun ba. Da na bar aiki na buɗe shafina na bidiyo, sai na yi alkawarin duk abin da mawaƙi ya rera zan sa shi yadda ya rera shi, na ma rubuta haka a saman shafin. Sau biyu masu dandalin intanet ɗin suka sauke min bidiyo ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin hukumomi za su fara tace waƙoƙin intanet yadda ake tace fina-finai. Na yi ta magana a kan haka, mutane suna yaba min, yabon kuma yana shiga kaina.

Bidiyon da ya jawo maganar na ɗauke shi ne a bikin auren ɗan Sarkin Fawa. Mahauta da dillalan shanu daga Mafara da Bakura da Maradun duk sun hallara, makaɗi yana bin manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya yana wasa su. Da ya zo kan Alhaji, mijin yayata, wanda ke fataucin shanu daga wani gari a ƙasar Maradun, sai Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa. Makaɗi ya ji daɗi ya saki baki. Ya kira shi mai farar mota, wanda garkensa ke kwana a fadamar bayan gari ta wajen Janbako, wanda duk yammacin Litinin yake biyo hanyar gonaki domin ranar Talata ta riske shi a kasuwar shanu kafin kowa. Ya ambaci unguwarsu, ya ambaci tsamiyar da ke ƙofar gidansa. Ni kuma na bi kowace kalma da kyamara. Na ɗauki fuskar Alhaji yana dariya, na juya na ɗauki motar inda take ajiye, har lambarta ta fito. A ganina aikin ƙwararre na yi. Cikin kwana biyu bidiyon ya fi duk abin da na taɓa ɗorawa samun masu kallo.

Da baƙina suka zauna, muka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar biki da yanayin ruwan bana, sai Malam ya fara magana. Ya ce a rediyo waƙa takan wuce sau ɗaya, wanda ya ji ya ji, amma abin da na ɗora mutum zai iya maimaita shi sau ashirin yana zaune a ƙarƙashin itace a cikin daji, kuma in tuna cewa mutanen daji ma suna da waya. Ya ce ba waƙar yake so in sauke ba, baiti ɗaya ne kawai da hoton motar. Sarkin Fawa ya karɓa, ya kira ni ɗansa, ya ce shi shekara arba'in yana sana'ar nama, bai taɓa ganin mahaucin da ya ɗora duk abin da ke cikin saniya a kan tebur ba. Shi kuwa makaɗin ya sunkuyar da kai. Ya ce sun daɗe da daina faɗin inda dukiyar mutum take kwana a cikin waƙa, rigar Alhaji ce ta ruɗe shi, kuma shi mutanen da yake gani da idonsa ya yi wa waƙa, bai san duniya duka na gayyato masa ba.

Amsar da na ba su har yau ina jin kunyarta. Na ce wa Malam almakashinsa ya biyo ni har shagona bayan na gudo masa. Na ce yau baiti ɗaya ne, gobe wani mai muƙami zai zo ya ce in cire nasa, kuma da wane baki zan hana shi. Na juya ga makaɗin na ce kada ya bari a tsoratar da shi, fasaharsa tarihi ce, ba mai ikon taɓa ta. Ya ɗago kai ya yi dariya, ya ce ikon Allah, shi ne mai waƙa yana roƙon a gyara masa waƙarsa, ni kuma ina kare shi daga kansa. Na ce ai Alhaji mijin yayata ne, da akwai haɗari da ni zan fara gani. Malam bai yi gardama ba. Ya miƙe ya sa takalmansa, ya ce Allah ya sa ni ne da gaskiya, suka fita.

Ranar Litinin ta mako mai zuwa, da La'asar, 'yan bindiga suka tare hanyar gonakin da ke fitowa daga wajen Janbako. Sun tsayar da motocin haya da babura, suka duba fuskokin mutane, suka karɓe wayoyi, sannan suka sallami kowa. Washegari na ji labarin a kasuwa, na tabbatar da shi daga bakin direbobi biyu kamar yadda aka koya min, na rubuta shi a shafina cikin layi huɗu. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce min sun yi ta tambayar wata farar mota. Na ji maganar, na ga ba ta da muhimmanci, na bar ta.

Ranar Alhamis da hantsi yayata ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce yanzu wata baƙuwar lamba ta kira Alhaji yana cikin karin kumallo. Mai kiran ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo cikin ladabi, ya kira shi da kirarin da makaɗi ya yi masa, sannan ya kunna masa baitin nan ya ji ta waya. Da ya ƙare sai ya ce sun jira shi ranar Litinin bai zo ba, ko lafiya, kuma yaya tsamiyar ƙofar gida. Yaya ta tambaye ni abu ɗaya, ta ce ita da 'ya'yanta me suka yi min. Nan take na buɗe shafina. Na sauke bidiyon cikin minti biyu, a lokacin ne kuma na gane saukewar ba ta da wani amfani, domin masu tura waƙoƙi a waya sun riga sun kwafe shi, yana cikin katin memori a aljihun mutanen da ban sani ba.

Sai daga baya na san dalilin da ya sa Alhaji bai bi hanyar nan ranar Litinin ba. Ashe ranar da dattawan nan suka fita daga shagona ba gida suka tafi ba, kasuwar shanu suka nufa. Sun sami Alhaji sun faɗa masa, shi ma ya yi dariya ya ce wa zai kula da waƙar biki. Sarkin Fawa bai tsaya jayayya ba. Ya ce ya ba shi makullin motar ya gani, da ya karɓa sai ya jefa shi a aljihu, ya ce motar ta zama baƙuwarsa sai yadda hali ya yi, Alhaji ya hau ta haya ya koma gida, kuma ya daina tafiyar Litinin. A cikin makon ya sa aka koro garken zuwa kusa da Bakura. Malam kuma ya ɗauki makaɗin ya kai shi ɗakin wani mai ɗaukar sauti, suka sake rera waƙar ba tare da baitin ba. Su biyun, da tsufansu, suka bi rumfunan masu tura waƙoƙi a Mafara da Bakura ɗaya bayan ɗaya, suna roƙon a goge tsohuwar a karɓi sabuwar kyauta. Mafi yawa sun yarda. Ba su iya kamo kwafin da ya riga ya shiga daji ba, amma sun hana shi ƙara yaɗuwa. Duk wannan babu wanda ya faɗa min. Alhaji ya ce kada a tayar min da hankali, ai yaro ne, yana neman abincinsa.

Ranar Juma'a iyalin Alhaji suka taso gaba ɗaya zuwa Talata Mafara, suka sauka a wani gida da wani abokin kasuwancinsa ya ba su. A nan na same shi na durƙusa na nemi gafara. Tsakanina da shi akwai wasa tun ranar da ya auri Yaya, kullum yana kirana ɗan jarida marar gidan rediyo. Na ɗauka ranar ba zai yi wasan ba. Sai ya ce in tashi, ƙanen mata ba ya durƙusa wa miji, kuma ya gode min domin shekara ashirin yana kasuwanci bai yi suna ba sai da na taimaka masa, yanzu har a daji ana sauraron waƙarsa. Ya yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo min. Yaya ba ta yi dariya ba. Sai da aka yi wata biyar tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinta ba.

Daga can na wuce gidan Malam. Na shirya dogon jawabi, bai bari na gama ba. Ya ce shi ma a rediyo akwai waƙoƙin da ya cire don tsoron manya, kuma yana jin kunyarsu har yanzu, don haka ba duka zargin da nake masa ne ƙarya ba. Amma ya ce tun da yake aiki, kafin ya saki abu yakan tambayi kansa wa zai ji ciwo in an sa, wa kuma zai ji ciwo in an cire. In wanda zai ji ciwon sakawa mai mulki ne da ake faɗa wa gaskiya, ya san cirewa rashin ƙarfin hali ne. In kuwa wani bawan Allah ne da zai hau hanya ranar Litinin, to wannan wata magana ce daban. Shekara bakwai na zauna kusa da mutumin nan ban taɓa tambayarsa yadda yake yanke shawara ba.

Har yau ban goyi bayan a hana waƙa don ta ɓata wa wani babba rai ba, kuma in aka yi haka zan yi magana. Abin da na koya shi ne, na ɗauki fushin da nake yi da masu bugo waya daga sama na sauke shi a kan mutum uku da suka zo ceton ran ɗan'uwana. Ina gode wa Allah da ya sa ba su yi zuciya sun bar ni da taurin kaina ba, ina kuma gode musu. Kira nake ga 'yan'uwana masu ɗora bidiyo da waƙoƙi, musamman a irin yankunanmu: kafin ka ɗora, ka sake saurara da kunnen wanda ba ka so ya ji. Ka duba ko akwai sunan unguwa, ko hanya, ko ranar tafiya, ko lambar mota. In mai waƙa ko wanda aka yi wa waƙar ya ce a cire, ka cire, domin ba kai za ka kwana a gidansa ba. In kuma babba ya zo maka da irin wannan magana, ka tambaye shi dalili kafin ka kira shi mai danne haƙƙi.

Na goge alkawarin nan daga saman shafina. Yanzu duk bidiyon biki sai Malam ya saurare shi kafin ya hau. An sayar da farar motar a wata jiha. Alhaji yana nan lafiya yana kasuwancinsa, amma damina uku ke nan bai noma gonar mahaifinsa ba, kuma tun ranar Juma'ar nan bai sake kwana a gidan mai tsamiya ba.