Hoton Cikin Malam Habu

Cikin shekarun da na yi ina fataucin shanu, ban taɓa mantawa da ranar da direbana, Malam Habu, ya durƙushe a gindin mota ba. Shekarar da naira ta fito ne. Na haɗa shanu daga Babura da Roni za mu yi kudu, mota ɗaya gare ni, direba ɗaya. Ga shi riƙe da mararsa ta hagu, jiki zafi zau.

Mahautan da ke wurin suka ce a ba shi kanwa ta wanke cikin. Na ce a'a, muka nufi asibiti a Kazaure.

Likita ya danna cikin ta dama, Habu bai motsa ba. Ya danna hagu, sai salati. Ya tambayi abincinsa. Habu ya ce, “Ranka ya daɗe, cimar direba ai shayi da burodi.”

Likita ya ce yana zaton wasu ƙananan aljifai ne suka fito a jikin babban hanji, suka kumbura, kuma ba kasafai yake ganin haka a nan ba. Aljihu a hanji! Na sha tsayawa kan mahauta, ban taɓa gani ba.

Na ce, “Likita, zato kuma? Ni ba na cinikin biri a sama. Bari in kai shi Kano a ɗauki hoton cikin.”

Ya ce, “Alhaji, in za ka sayi sa, yanka shi kake yi ka ga namansa?”

“Hannu nake sawa.”

“To, ni ma hannun na sa.”

Ya bayyana mini cewa kafin hoton sai an ɗura masa farin ruwa a hanji ta ƙasa, hanjin da ya kumbura kuwa yana iya fashewa. Za a kwantar da shi, allura da ruwan koko kawai. In cikin ya sandare ko zazzaɓi ya ƙi sauka, sai Kano, ba jira.

Kullum na je sai na taɓa cikin, kamar mai tayi. Habu ya ce, “Alhaji, nawa ka saya?” Zazzaɓi ya sauka. Da ya murmure aka ɗauki hoton, na ga aljifan da idona, jere kamar 'ya'yan kanya.

Na koyi cewa gani ma yana da lokacinsa. Shanun sun rame, na karyar da su a Kano, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Habu kuwa ya ja motata har gemunsa ya yi fari.