Kyamarar Ɗakin Inna

A unguwa kowa Kashe-ka-kunna yake ce masa, don duk wanda ya kira shi da kukan intanet ya ɗauke, amsarsa ke nan. A gida kuwa Auta ne, har furfura ta fara keto masa gemu. Shi ke kula da na'urorin wani ƙaramin kamfani da ke raba wa gidaje da shaguna intanet. Ofis ɗinsa ɗaki ne mara taga, sai sanyin na'ura da wayoyi a cukurkuɗe, da kujerar da ta lotsa daidai zamansa.

Da can, harin toshe hanya abin dariya ne a wurinsa. Wani mai jin haushi zai yi ta turo saƙonnin banza daga kwamfuta ɗaya don layi ya cushe, Auta ya datse shi yana kurɓar shayi. Amma abin ya girma, ya yi wayo. Yanzu kyamarorin gidajen mutane maharan suke kamewa, da talabijin, har firij wallahi, su haɗa dubun dubata su sako su kan kamfani ɗaya lokaci guda. Masu kayan ba su ma sani ba. Ka toshe nan, su ɓullo can da sabuwar kama.

Auta bai yi aure da wuri ba, bai kuma taɓa yin nisa da mahaifiyarsa ba. Da ƙafafun Inna suka fara gardama, ya roƙe ta ta koma wurinsa. Ta ce ɗakinta ba ya cizo. Sai ya kafa mata kyamara a saman ƙofa, ya jingina wayarsa kusa da kwamfuta, yana aiki yana leƙenta. Kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga kanti bai canza ba, don yayarsa ma tana dubawa daga garin da take aure, ita kuwa ba ta riƙe sabuwar lamba. Kullum cewa yake sai an jima.

Wata safiya hari ya zo irin wanda bai taɓa gani ba. Asibitin unguwa ya kira, masu shaguna suka kira, oga ya tsaya a kansa yana ta zufa cikin sanyin nan. Da Auta ya bincika, ashe har da kayan gidajen da kamfaninsu yake ba intanet a cikin masu harin. Ya ba na'ura umarni: duk gidan da aka samu a ciki, a yanke shi. Bai tsaya duba sunaye ba, ina lokacin yake?

Layi ya numfasa. Oga ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, Allah ya bar mana kai!"

Ya ga fuskar wayarsa ta yi baƙi, amma ya ɗauka wuta aka ɗauke a gidan Inna. Maharan suka sake salo, ya sake duƙufa. Sai da rana ta yi sanyi ya buɗe jerin gidajen da ya yanke, ya ga na Inna a ciki, ashe maharan sun kame kyamarar nan mai tsohuwar kalmar sirri. Ya bar komai ya ruga gidanta.

A ƙasa ya same ta, tsakanin gado da ƙofa, ƙugu a karye, leɓɓanta sun bushe. Tun hantsi take nan kwance. Ba ta ƙara takawa ba, kuma ba ta daɗe ba bayan haka. Auta yana nan a ɗakinsa mara taga, ya daina shan shayi a wurin aiki, kuma in ka tsokane shi da sunan nan nasa, murmushin ba ya kaiwa zuci. Abin tausayi, har yau bai iya faɗa wa yayarsa abin da ya faru ba.

A ranar, da ya durƙusa ya tallafo kanta, kuka ya ci ƙarfinsa. Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ɗaga ido ta dubi kyamarar, sannan ta dube shi. "Haba Auta, kukan me? Ai ban ji tsoro ba. Na yi ta ɗaga maka hannu. Na san kana ganina, kana hanya."